Galan ɗin Inna a Hanyar Kwatano

Tun ina 'yar firamare nake son in ga teku. A Takur muke zaune, a ɗaya daga cikin gidajen da aka ba ma'aikata lokacin da Dutse ta zama babban birnin jiha aka kwaso iyayenmu daga Kano. Duk inda mutum ya juya duwatsu ne baƙaƙe, wani a kan wani, da dabino a gindinsu. Ruwan da na sani shi ne na rijiya, da na famfo ranar da ya ga dama ya zo, da kududdufin bayan unguwa wanda yake ƙafewa kafin a gama sussukar gero. Da damina nakan hau wani falalen dutse da yamma in zauna ina kallon gonaki. Idan iska ta bi ta kan gero ya kwanta ya tashi, sai in ce wa kaina haka teku yake yi. A makarantar kwana na haddace sunayen tekunan duniya, na zana su da shuɗin fensir, na ci jarrabawa a kansu, amma ban taɓa tsayawa a gaban ruwan da ba a hango ɗaya gefensa ba.

Shekarar da na gama sakandare, wadda kuma a cikinta rediyo ba ya da wata magana sai ta shari'a, Goggo ta dawo daga aikin hajji. Yayar Baba ce, tana aure a zangon Kwatano tun kafin a haife ni. Baba ya ce dole a je a yi mata barka da sauka. Yayana, wanda sana'arsa ke nan zuwa Kwatano ɗauko wa mutane motoci, shi zai tuƙa mu a tsohuwar fijon gidanmu mai dogon baya. Umma tana goyo, ba za ta iya doguwar tafiya ba, kuma ba a zuwa gaishe da mace babu mace a cikin tafiyar. Haka ya faɗo kaina. Da Baba ya gaya mini, na durƙusa na yi godiya, sannan na tambaye shi ko za mu ga teku. Ya yi dariya ya ce, "Uwata, har sai kin gaji da ganinsa. Daga Ikko zuwa Kwatano ai a gefensa hanya take." Uwata yake kirana domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Mahaifiyar tasa, Inna, tana ƙauye a wajen Buji, ta ƙi zaman gari, tana tare da abin da ya rage na shanun gidanmu. Muka je sallama da ita. Tana zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafafu tana murza gwiwa, don ciwon gwiwa ya sa ta gaba a shekarun nan. Da ta ji inda za mu, sai ta rarrafa ɗaki ta fito da wani farin galan wanda ta wanke da toka har yana ƙyalli. Wata mata a kasuwar Kiyawa ce ta gaya mata ruwan teku yana maganin sanyin ƙashi. Ta ce a zamanin ƙuruciyarta ta bi shanu har bakin manyan koguna na kudu, ta ji labarin ruwan gishirin da ba ya ƙarewa, amma ba ta kai ba. Baba ya miƙa hannu zai karɓi galan ɗin, ta janye.

"Ba kai na aika ba. Takwarata na aika. Ke za ki shiga da ƙafarki ki ɗebo mini da hannunki, ki zo ki gaya mini yadda yake. Waɗannan in sun dawo ba abin da za su ba ni labari sai tsadar fetur."

Na ce mata idan ruwan ya tafi da ni ita ta jawo. Ta ce ramammiya kamata ko kifi ba zai kula ba. Na rungume galan ɗin a hanyar komawa gida kamar an ba ni tikiti. A wajenmu saƙo amana ne, kuma Baba mutum ne da ba ya wasa da amana. Na san tunda Inna ta faɗa a gabansa, ko ba don ni ba, dole a tsaya a bakin teku.

Abin da ban lissafa ba shi ne saƙon sauran jama'a. Labari ya bazu cewa motar gidanmu za ta kudu. Tun ana saura kwanaki mutane suka fara sallama. Wannan yana da ɗa a Mokwa, waccan tana da 'ya a Badun, wani ƙaninsa yana sayar da shanu a Agege, wata kuma mijin 'yarta yana canji a boda. Kowa da ƙullinsa: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, man shanu a kwalba, dabinon Dutse, yajin jego, zuma, garin ɗanwake, har da tabarmin kaba da faya-fayai. Baba bai mayar da kowa ba. Ya ce wanda Allah ya ba mota ya ba shi ne har da maƙwabtansa. Bayan mota ya cika, saman mota ya cika, sauran aka jera a kujerar baya daga ƙasa har rufi, aka bar mini gurbin mutum ɗaya a hannun dama, bayan Baba. Yaya ne ya shirya kayan. Ya ce sifirin ɗin ƙafar motar na dama ya gaji, don haka nauyi ya koma hagu. Ban tuna da taswirar da na zana da hannuna ba: mai tafiya yamma daga Ikko, teku yana hagunsa.

Muka tashi bayan sallar asuba. Zan yi ƙarya in na ce tafiyar ba ta yi mini daɗi ba da farko. Na ga ƙasa tana sauya launi, jar ƙasa tana maye gurbin rairayi, bishiyoyi suna ƙara tsawo suna matsowa bakin titi. A gadar Jaba na leƙa na ga Kwara tana tafiya a hankali, faffaɗa, da kwalekwale ɗaya a tsakiyarta, zuciyata ta buga. Yaya ya ce in adana mamakina, wannan kusa da teku kamar ruwan alwala ne.

Amma tun daga Mokwa na fahimci yadda tsayawarmu za ta kasance. Ba ma tsayawa inda ido yake so, sai inda saƙo yake. Mota za ta ratse daga babban titi ta shiga lungun zango, yara su yi ta ihu, a buɗe mini ƙofa, wata yarinya ta kama hannuna ta shige da ni cikin gida. Maza su zauna a waje a kan benci, inda iska take, inda ake ganin gari. Ni kuwa a ɗaki, a bakin gado, a gaban kwanon abinci da mata masu tambaya. Ya wance, ta haihu? Wane ya yi aure? Da gaske ne yanzu a gida mata ba sa hawa babur? Da gaske an raba motocin haya? Ina amsawa da ladabi, ina isar da gaisuwar da aka ba ni baki da baki, ina kallon bango. Garuruwan da na ratsa a tafiyar nan, in aka tambaye ni kamanninsu, labulen ɗakunansu kawai zan iya bayyanawa.

Kuma babu gidan da ya karɓi saƙo ya bar mu muka tafi hannu sake. Mu sauke ƙullin kuka, a ɗora mana doya. Mu sauke man shanu, a ɗora galan na manja, wannan a kai wa tsohuwa a Kiyawa, wannan a miƙa wa wane a gaba. Ina ta sa rai tulin da ke hagu zai ragu in sami ko da tafin hannu na gilashi. Bai ragu ba. Warinsa ne kawai ya sauya, daga daddawa ya koma busasshen kifi.

A Badun muka yi asarar kusan yini guda. Akwai wani ɗan ƙulli da wata dattijuwa a unguwarmu ta bayar a kai wa ɗanta, ta ce hannu da hannu. Muka tarar ya tafi kasuwar wani ƙauye. Maƙwabcinsa, mutumin kirki, limamin masallacin layin, ya ce a bar masa zai ba shi. Yaya ya ji daɗi har ya buɗe mota. Baba ya ce a'a, mai saƙo ta ce hannu da hannu, ba shi da ikon sauya maganarta. Muka zauna har la'asar sakaliya kafin mutumin ya dawo. Na gaji, amma a raina na ji sanyi. Na shafa galan ɗin da ke tsakanin ƙafafuna na ce, mai irin wannan riƙon ba zai wuce da ni ba.

Ikko hayaniya ce da hayaƙi da ruwan sama. Muka kwana a Agege, washegari muka kama hanyar Badagiri. A nan iska ta sauya. Wani danshi mai nauyi ya shigo ta tagar Yaya, da wani ƙamshi da ban taɓa ji ba, kamar kanwa, kamar ƙarfe, kamar kifi. Bishiyoyin kwakwa suka fara bayyana, dogaye kamar giginya amma sirara, duk sun karkata gefe ɗaya. Bayan mun ƙetare wata doguwar gada sai Yaya ya nuna hagu da haɓa ya ce wa Baba yau ruwan ya yi fushi. Baba ya duƙa ya leƙa ta gabansa ya ce ikon Allah. Ni na juya hagu na ga buhun garin kwaki.

Na ce, a hankali, ko za a ɗan tsaya. Baba ya ce mai canjin da za mu kai wa saƙo a boda yana tashi da wuri, kuma ba a son yamma ta yi wa mutum a wajen kwastan. A dawowa, in Allah ya yarda. Na yi ƙoƙarin leƙawa ta tsakanin kujeru, Yaya ya ce in zauna sosai ina tare masa madubi. Abin da na samu shi ne wani farin haske da ya gifta tsakanin kafaɗarsa da ƙarfen ƙofa, ban san ko ruwa ne ko sama ba. A dama, ɓangarena, akwai bukkoki da masu sayar da fetur a kwalabe da shingayen jami'ai ɗaya bayan ɗaya. Su na kalla har boda. A boda aka shigar da ni wani ɗakin langa-langa wajen matar mai canji, na ci shinkafa ina jin wani gurnani daga nesa, mai zuwa yana komawa. Na tambaye ta ko injin ne. Ta ce teku ne, in dai an kwana biyu ba a ma jin sa.

A kan gadar shiga Kwatano ma haka aka yi. Yaya ya ce ga inda ruwan gari yake haɗuwa da babban ruwa, Baba ya yi tasbihi, ni na kalli buhu.

Goggo ta karɓe mu da kuka da dariya, ta ba mu zamzam da dabinon Madina, ta riƙe fuskata ta ce Inna ce sak. Gidan babba ne, na haya, iyalai da yawa a tsakar gida ɗaya. Na shiga cikin matan gidan kamar an jefa tsakuwa a rijiya. Baƙi suna ta zuwa yi wa Goggo barka, ni ce mai kai ruwa, ni ce mai zuba abinci, ni ce 'yar gida da ake nunawa ana cewa ta gama sakandare. Kowace safiya Baba da Yaya da mijin Goggo sukan fita, wai za su duba motoci a wajen tashar jiragen ruwa, su dawo da la'asar. Kowace safiya ina gaishe da Baba in tuna masa da saƙon Inna, ya ce yana sane.

Na tambayi matan gidan ko teku yana da nisa. Suka ce ina, ɗan babur ma ba ya karɓar kuɗin kirki zuwa can. Na tambayi yadda yake. Sai aka fara kallon juna. Ɗaya ta ce ta taɓa hangowa daga mota ranar da aka kai ta asibiti. Ɗaya ta ce wurin 'yan iska ne, mutane tsirara. Goggo, wadda ta fi shekaruna a garin, ta ce ita ta fi ganinsa sosai ta tagar jirgi a hanyar Jidda. Ba wadda ta faɗi haka da baƙin ciki. Wannan ne ya fi ci mini rai. Da sassafe, kafin babura su tashi, idan na tsaya a bakin rijiyar tsakar gida ina jin gurnanin nan sarai, kamar numfashin wata babbar dabba a bayan katanga, su kuwa suna ta wanke-wanke.

Ana gobe za mu tafi na nemi galan ɗin a inda na ajiye shi, ƙarƙashin gadon Goggo, ban gan shi ba. Na duba ko'ina. Da la'asar maza suka dawo, suka shigo tsakar gida don Baba ya yi sallama da matan gidan. Yaya yana gaba, ƙafar wandonsa a naɗe, farin rairayi ya manne a ƙaurinsa, yana lilo da galan ɗin Inna a cike. Ya dire shi a gabana yana murmushi.

"Ga ruwan tsohuwa. Mun hutar da ke. Da kin ga yadda ya biyo ni, sai da na gudu."

Ashe kullum in sun gama duba motoci sukan biya bakin ruwa su sha iska, su sayi kwakwa a fasa musu. Mijin Goggo ya shiga ba da labarin yadda igiyar ruwa ta kusa tafiya da takalmin Baba, ana ta dariya. Na kalli ƙafar Baba. Akwai rairayi a tsakanin yatsunsa.

Ni ba mai faɗa ba ce. A gida in an ɓata mini rai falalen dutsena nake hawa in yi shiru har ya wuce. Amma ranar nan abin ya ƙi wucewa. Na tuna gonakin geron da na mayar teku shekara da shekaru. Na tuna ɗakunan da aka zaunar da ni tun daga Mokwa. Na kai gaisuwar kowa, na ɗauki warin kifin kowa a hijabina, ban yi ƙorafi ba. Saƙo ɗaya ne tak aka ba ni da sunana, shi ne kuma aka ga ya dace a sauƙaƙa. Mutumin Badun an jira shi har rana ta karkata saboda wani ƙulli da bai fi dunƙulen hannu ba. Ni ba a ma tambaye ni ba, an zare galan daga ƙarƙashin gado ina can ina soya wa baƙi nama.

Na ɗauki galan ɗin, na je bakin magudanar tsakar gida, na buɗe murfin na tuntsurar da shi. Ruwan ya bi ta kan siminti yana ɗan kumfa, ƙamshin nan na hanyar Badagiri ya tashi. Dariya ta tsaya. Na jira har ɗigon ƙarshe, na mayar da murfin, na dawo na durƙusa a gaban Baba.

"Baba, ka yi haƙuri. Inna cewa ta yi in shiga da ƙafata in ɗebo da hannuna. A gabanka ta faɗa. A Badun ka ce ba ka da ikon sauya maganar mai saƙo."

Yaya ya fara faɗa, wai wahalar da ya sha, wai ruwa ai ruwa ne, tsohuwa ta ina za ta gane hannun da ya ɗebo, wai boko ne yake sa yara rashin kunya. Baba ya ɗaga masa hannu ya tsayar da shi. Ya daɗe yana kallon jiƙaƙƙen simintin. Sannan ya ce wurin da suke zuwa ba wurin 'ya mace ba ne, shi ya sa. Goggo tana zaune a kan kujerarta 'yar tsugunne tana jan carbi, ba ta ɗaga kai ba ta ce bakin ruwan ai da tsawo, tun daga nan har Ikko, ba za a rasa inda babu kowa ba sai masunta. Ta ƙara da cewa in ya koma ya gaya wa Inna yadda aka yi, ita dai ba ta so ta kasance a wurin. Baba ya juya ya fita. Har muka kwanta bai sake yi mini magana ba, bai kuma kira ni Uwata ba da na kai masa ruwan alwala.

Da safe aka ɗaure kaya. Saƙon komawa ya fi na zuwa: atamfofi, shinkafa, sabulai, tsarabar Makka ta dangi kaf. Yanzu gabas za mu, teku zai koma dama, ɓangaren da nake. Na yi murna a ɓoye. Sai na fito na tarar Yaya ya jera kayan a dama ya bar mini hagu, wai an gyara sifirin, yanzu na hagun ne yake ƙara. Ko kallona bai yi ba. Na shiga na zauna, galan a kan cinyata, babu komai a ciki.

Muka ƙetare gada, muka wuce boda bayan dogon jira, aka karɓi saƙon mai canji, aka ɗora. Ba wanda ya yi maganar tsayawa. Na ga bukkokin nan da masu fetur a kwalabe, yanzu ta ɗaya gefen. Na san idan muka hau doguwar gadar Badagiri an gama, hanya za ta rabu da ruwa. Na fara shirya abin da zan gaya wa Inna: cewa na je, na ji muryarsa, na ji ƙamshinsa, na zubar da shi a magudana, ban gan shi ba. Hawaye suna zuba ina share su da gefen hijabi don kada Yaya ya gani a madubi.

Sai Baba ya ce, "Tsaya nan."

Wuri ne da babu komai sai kwakwa da wata 'yar hanyar ƙafa. Yaya ya ce rana tana yi, ga Agege ana jiranmu da saƙo. Baba ya ce ya sani. Ya fita, ya zagayo ya buɗe mini ƙofa da kansa, ya wuce gaba, ni ina biye. Rairayin yana da laushi, takalmina yana nutsewa, na cire na riƙe a hannu. Muka wuce wata bukka da aka shanya taru a gabanta, wata mata tana gasa kifi ta ɗaga mana hannu. Gurnanin yana ƙaruwa har na daina jin takun Baba. Muka hau wani ɗan tudun rairayi.

Ba shuɗi ba ne. Wannan ne abin da na fara lura da shi, kuma na ji kamar fensirina ya yaudare ni. Launin toka ne da kore-kore, can nesa kuma ya haɗe da sama har ba a rabewa. Bai yi kama da gonar gero ba ko kaɗan. Gero yana kwantawa ya tashi a inda yake. Wannan tahowa yake, ya miƙe tsaye kamar katanga, ya faɗi da ƙara, ya shimfiɗo farin kumfa har kusa da ƙafar mutum, ya ja da baya yana jan tsakuwoyi, wani ya taho a bayansa. Ban yi tasbihi ba, ban yi komai ba, bakina a buɗe kawai. Iska ta cika hijabina tana kaɗa shi kamar tuta.

Baba ya ce in yi a hankali, ruwan yana ja. Na tattare zanena na shiga. Sanyinsa ya kama idon sawuna, da ya koma sai na ji ƙasa tana zarewa daga ƙarƙashin tafin ƙafata, na yi tangaɗi. Sai na ji an riƙe gefen hijabina ta baya. Baba ne, ya shigo da takalminsa da babbar rigarsa. Na duƙa na kafa bakin galan, igiya ta farko ta cika shi da rairayi, na zubar, ta biyu ta jiƙa ni har ƙugu, ta uku na samu. Na ɗanɗana abin da ya fantsamo a leɓena. Gishiri ne mai ɗaci, ya fi duk yadda littafi ya ce.

Ban kai ga ƙoshi ba hon ya fara daga titi. Yaya ne, yana dannawa yana saki. Na so in zauna a kan tudun nan ko da gwargwadon zaman da na yi a ɗaki ɗaya daga cikin ɗakunan hanya. Baba ya ce, "Uwata, mu je." Na juya na bi shi, ina waiwaye har kwakwa ta rufe.

A komawa mota ne na lura da abin da har yau in na tuna raina yake ɓaci. Daga bakin ruwa zuwa inda motar take bai kai daga gidanmu zuwa injin niƙa na Takur ba, inda ake aikena kullum da kwanon masara a ka. Iyakar nisan ke nan. A zuwa mun bi ta nan, ta gaban wannan 'yar hanya, da rana tsaka. Tsayawar ba ta ci lokacin da ake ɗauka a gaisa da mutum ɗaya a zango ba. Na shiga mota a jiƙe, Yaya yana mitar kujera, ban tanka masa ba har Badun.

Inna tana nan a kan tabarmarta da muka je. Ta karɓi galan ɗin ta jijjiga, ta ga rairayi ya kwanta a ƙasansa, ta buɗe ta shinshina, ta lakata ta ɗanɗana ta tofar. Ta tambaya ko da hannuna. Na ce da hannuna, Baba shaida ne. Baba yana gefe ya sunkuyar da kai ya ce haka ne. Ta tsiyaya kaɗan a tafinta ta shafa a gwiwa, ta ce wa Baba da Yaya su je su duba maraƙin da aka haifa ba sa nan. Da suka fita ta jawo ni kusa, ta gyara zama.

"To, takwara. Faɗa mini. Kada ki yi sauri."

Na fara da cewa ba shuɗi ba ne.